Littafin gwanjo, bencin kotu da zaɓin jami'a: amsoshi ga masu neman karatun lauya

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon. Biyu daga cikin birnin Katsina suka zo, ɗaya daga Daura.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne a aji uku a tsangayar shari'a ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ɓangaren shari'ar laifi nake so, musamman yadda ake gudanar da ita da haƙƙin wanda ake tuhuma. Kawuna ya ba ni naira dubu 40 in sayi littattafai. Yayan abokina ya ce zai sayar mini da nasa guda uku masu kauri a kan CPC, wato kundin tsarin gudanar da shari'ar laifi na Arewa, bugun 2010, a rabin kuɗi. Wani kuma ya ce gara in biya kuɗin shiga LawPavilion, rumbun hukunce-hukuncen kotu na intanet. Wanne zan yi? Daga wani ɗalibi a Ƙofar Marusa.

Amsa: Ɗana, araha ba ta ado. Littattafan nan uku bayanin dokar da ta riga ta yi ritaya suke yi. CPC ta fara aiki a Arewa a 1960 tare da Final Kod, kundin laifuka da hukuncinsu, ta kuwa yi zamaninta, amma a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifi, ACJA, wadda ta maye gurbin CPC da takwararta ta Kudu, CPA, a kotunan tarayya da na Abuja. Jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, Katsina ma ta yi tata a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Yau a cikin garin nan kaɗai, in ka shiga Babbar Kotun Tarayya da ACJA ake aiki, in ka shiga kotun majistare ko babbar kotun jiha da dokar jiha ake aiki. Littafin 2010 bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ka duba abin da za ka rasa. Sashe na 7 na ACJA ya hana a kama wani a madadin wani, wato a zo neman yaro ba a same shi ba a tafi da tsohonsa. Sashe na 8 ya hana a kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya tsagwaronta, abin da har gobe ɗan kasuwa ke kai ɗan'uwansa caji ofis a kansa. Sashe na 167 ya ce ba za a hana mace tsayawa belin wani don tana mace ba. Umarnin tsare mutum kafin a gurfanar da shi, kwana 14 ne a karon farko, sai an dawo gaban kotu a nemi ƙari da dalili. Sashe na 34 ya ɗora wa babban majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda na yankinsa duk wata, ya ga su wa ke kulle. Waɗannan su ne tambayoyin da dangi za su fara yi maka tun kafin ka gama, domin a gidajenmu da zarar an ji kana karatun lauya ka zama Barista.

Wani gargaɗi a nan: lambobin sassan da na kawo na dokar tarayya ne. Dokar Katsina ta ɗauki ruhinta, amma kada ka ɗauka lamba za ta dace da lamba. Ka ajiye su gefe da gefe, ka rubuta lambar wannan a gefen shafin waccan da fensir. Wannan aikin hannun ya fi duk takardun lakca da za a ba ka ka yi fotokwafi.

Ga yadda zan kashe kuɗin in ni ne. Da farko in sayi dokokin su kansu, ƙananan nan marasa sharhi: kundin tsarin mulki na 1999 mai ɗauke da gyare-gyaren baya-bayan nan, ACJA, dokar Katsina, da dokar shaida ta 2011, wadda ita ma an yi mata gyara a 2023. Sai littafin sharhi guda ɗaya tak, wanda aka buga bayan 2020. Na ce bayan 2020 ne saboda a watan Mayun shekarar Kotun Ƙoli ta rushe sashe na 396(7) na ACJA, wanda ya bai wa alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara damar dawowa ya ƙarasa shari'ar laifin da ya faro. A kan haka ne ɗaurin shekara 12 da aka yi wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, ya warware. Littafin da ya fito a 2017, komai kyansa, zai ce maka sashen yana nan daram. Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe shafin da ke bayan bango ka ga shekarar bugu, sannan ka nemi wannan sashe ka ga me marubucin ya ce.

LawPavilion abu ne mai amfani, amma ba na ɗan aji uku mai dubu 40 ba. Ka fara tambayar ɗakin karatun tsangayarku me suke da shi, har da mujalladan NWLR, rahoton hukunce-hukuncen da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985. Akwai kuma hukunce-hukunce kyauta a shafin NigeriaLII, kuɗin data kawai za ka kashe. Ba ka makara ba ma: a aji uku dokar laifuka ake koyarwa, dokar shaida na gaba, cikakken tsarin gudanar da shari'ar laifi kuwa sai a makarantar horas da lauyoyi za a tatse ka a kansa. Littattafan yayan abokin naka, in zai bar maka ɗaya a kuɗin goro, karɓa. Tsofaffin hukunce-hukunce da sassan CPC suke magana, zai taimake ka ka gane su.

Canjin da ya rage ka mayar da shi kuɗin Napep. Kotu a buɗe take ga kowa, sashe na 36 na tsarin mulki ne ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Ka sa kaya masu mutunci, ka kashe waya, ka zauna a bencin baya da kundinka a buɗe a sashe na 35 da na 36, kana yi wa abin da kake gani maki.

Ni a irin wannan benci na koyi abin da har yau nake ci da shi. Ina sabon shiga, a wata kotun majistare da ba sai na faɗi ko ta ina ba ce, aka shigo da wani dattijo daga ƙauye, rawaninsa ya warware rabi, takalmansa a hannu don girmama wuri. Aka karanta masa tuhumar da Turanci, ma'aikacin kotu ya taƙaita masa dogon sakin layi cikin jimla ɗaya ta Hausa. Aka ce ya ji? Ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe, a yi mini afuwa." Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya yi zumbur ya miƙe, ya ce ai ya amsa laifi. Majistaren ya ajiye biro, ya cire tabarau, ya tambaye shi da Hausa, "Baba, ka ɗauki tunkiyar ko ba ka ɗauka ba?" Dattijo ya ce wallahi tasa ce, tun tana 'yar jaririya yake kiwonta. Bahaushe yana cewa a yi masa afuwa ko da shi aka taka, ladabi ne. "Na ji" daban, "na aikata" daban. Sashe na 36(6) ya ce a sanar da mutum laifin da ake tuhumarsa dalla-dalla cikin harshen da yake fahimta, a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Na haddace wannan tun a makaranta, amma sai ranar na san nauyinsa. Kai da ka tashi da Hausa a baki, wannan jari ne da lauyan da ya zo daga nesa ba zai saya da kuɗi ba.

Ka riƙa lura kuma da ranar da aka kama mutum da ranar da aka kawo shi. Sashe na 35 ya ce kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40, kwana biyu in babu, sai dai in da wani dalili da kotu ta gamsu da shi. Ka ƙirga da yatsunka a kowace ƙara. Wata guda kana wannan lissafi, za ka samu abin rubuta kundin kammala digiri.

Tambaya: Ɗiyata ta gama sakandare, ta nace sai lauya, tun da ta ga an tsare wani ɗan'uwanmu watanni ana ta ɗage shari'arsa. Wata jami'a mai zaman kanta ta ce za ta ba ta gurbi nan take in na biya. Wasu sun ce in tsallaka da ita Nijar tunda kusa ce. Sannan ta yi dokar zamani zalla ko ta haɗa da shari'ar Musulunci? Daga wani mahaifi a Daura.

Amsa: Alhaji, Allah ya yi mata albarka. Kafin a yi maganar kuɗi, a yi wa jami'ar tambaya biyu, kuma a nemi amsa a rubuce. Shin hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin? Shin Majalisar Ilimin Shari'a, wadda makarantar horas da lauyoyi ke ƙarƙashinta, ita ma ta amince, kuma ɗalibai nawa ta ƙayyade musu a shekara? Ta biyun ce iyaye ke mantawa. Jami'ar da aka ba ta adadi ta ɗebi ninkinsa, 'ya'yan mutane ne za su gama shekara biyar su zauna a gida suna jiran layi. A farkon 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas bisa matakin wannan majalisa. Gurbin da ake ba ku da gaggawa haka, ku bincike shi a tsanake.

Nijar kuwa ban ba ku shawara ba, ba don komai ba sai don tsarin dokarsu daga Faransa ya samo tushe, namu daga Ingila. Wanda ya karanto doka a waje ma, in an karɓi digirinsa, sai ya fara yin wani zango na share fage a makarantar lauyoyi kafin ya shiga sahun sauran. Ga Katsina a kusa da ku, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga tsohuwar tsangayar Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, Zariya. Gurbinsu da wuya, don haka a tabbata tana da kiredit a Turanci da Adabin Turanci da Lissafi, ta kuma zauna wa JAMB da gaske. Ku shirya wa shekara biyar, da kusan ɗaya ta makarantar lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kodayake ba ɗalibi ke da ta cewa a inda za a tura shi ba.

Batun haɗawa, in a ƙasar nan za ta yi aiki, ta haɗa. Yawancin mutanenmu kotun shari'a suka fi sani, kuma haƙƙin wanda ake tuhuma ba baƙo ba ne a fiƙihun Malikiyya. Akwai i'izari, wato alƙali ba ya yanke hukunci sai ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja ko abin cewa. Ku tuna shari'ar Amina Lawal, wadda ta faro a kotun Bakori a 2002, ta bi ta Funtuwa, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin jifa da aka yanke mata kan zargin zina a ranar 25 ga Satumba, 2003, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Duniya ta yi ta surutu a kai, amma da hujjojin cikin gida aka yi nasara: alƙali ɗaya ya zauna inda doka ta ce uku, ba a ba ta cikakkiyar damar kare kanta ba, mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, ga kuma mas'alar kwantaccen ciki da malaman Malikiyya suka sani. Lauyan da bai karanci wannan fanni ba, da wuya ya hango su. Sai dai in faɗa muku gaskiya, darussan sun fi yawa, kuma wadda ta yi Islamiyya sosai tana ɗan jin Larabci ta fi samun sauƙi. Ku zauna da ita ku tambaye ta, ita za ta ɗauki kayan.

Tambaya: Ƙanwata tana aji biyar. Na samu ɗan kuɗi, ina so in saya mata hular gashin lauyoyi da baƙar rigar tun yanzu kafin su ƙara tsada. Daga wata yaya a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Hajiya, kada ki riga malam masallaci. Ba ta da izinin sa su sai ranar da aka rantsar da ita lauya, kuma tsakanin yau da ranar akwai kundin kammala digiri, da jiran gurbi, da jarrabawar ƙarshe ta darussa biyar. Rigar za ta yi ta kwana a akwati ne, ga zafin Katsina ga asu. Abin da za ta buƙata da gaggawa kuɗin makarantar lauyoyi ne, wanda ke zuwa a dunƙule cikin ɗan lokaci, da kayan baƙi da fari na shiga aji kullum, da kwamfutar cinya mai riƙe caji. Ki saya mata kwamfutar ko da ta hannu ce, ki gwada batirin a gaban mai shagon, sauran kuɗin ki ɓoye su inda bikin dangi ba zai gan su ba.