Dagaci ya ba mu fili da takarda mai hatimi, yanzu magada sun taso

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu a ƙasar Daura. Mun yi karo-karo za mu gina ɗakin shan magani, dagaci ya nuna mana fili ya ba mu takarda da hatiminsa. Gini ya kai linta sai wasu suka zo wai gonar mahaifinsu ce. Mun je sakatariya an ce ba su san da maganar ba. Kuɗin talakawa ne wallahi, ko barci ba na yi. Wai tsakanin dagaci da ƙaramar hukuma wa ke da iko?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ku fara tsayar da magina, kar a ƙara ɗora bulo ko ɗaya.

Takardar da ke hannunku shaida ce kawai, ba ta mallaka muku komai ba. Wannan magana kusan kullum sai na yi ta a ofis, mutum zai shigo da takarda a ninke cikin leda ya buɗe ta a hankali yana nuna mini hatimi, ga sa hannun mai unguwa ga na dagaci, wani har da na hakimi, in ce masa to ina ta hukuma sai ya tsaya yana kallona. Har yanzu mutanenmu lissafin zamanin En'e suke yi, lokacin da haraji da alƙali da ɗan doka duk suna ƙarƙashin fada. Garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe mulki ya miƙa wa majalisun ƙananan hukumomi, sai dokar filaye ta 1978 ta zo ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ce a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka irin na gargajiya. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai yanka wa sarauta wani aiki ba ko kaɗan. To dagaci zai ba ku abin da doka ba ta ba shi ba?

Kuma dokar nan ta 1978 ta kare wanda ta samu yana noma gonarsa, shi da magadansa. In dai mutanen nan suka kawo dattawa biyu uku da suka san ubansu yana shuka gero a wurin, shekarun da gonar ta yi a saura ba su mai da ita ta dagaci ba.

Masu ba ni haushi dillalan awon igiya ne, su da masu rubuta yarjejeniya a gindin bishiya. Su ke ce wa mutane ai in hatimin dagaci ya hau ko kotu ba ta isa ba. Ƙarya ce. La'adarsu suke nema, ranar da sammaci ya zo wayarsu a kashe take. Da irin wannan takarda aka cinye burtali da mashaya a wurare da yawa, kuma duk ɗan Katsina ya san abin da toshe hanyar shanu ke jawowa. Su ma na sakatariya ba na wanke su, mutum ya kai fayil a yi ta ce masa oga bai shigo ba, dole ya koma wurin dagacin da zai sallame shi a zama ɗaya.

Amma fa kar ku je ku yi wa dagaci rashin kunya a ce Barista ya ce. Kansila wa'adi gare shi, dagaci kuwa yana nan, shi ya san iyakar gonar kowa da wanda ya ari ta wane. Ko rigakafin shan inna sai da sarakuna suka shigo ciki sosai sannan ƙofofi suka buɗe, har aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Sulhu da shaida da tara jama'a aikin gayya, nan ƙarfinsu yake.

Don haka shi za ku fara komawa. Ku roƙe shi ya kira magadan gaba ɗaya, har matan da ke gidan aure a wani gari, don sau da yawa wadda ba a kira ba ita ke tayar da magana daga baya. In abin ya fi ƙarfinsa a je gaban hakimi. Ko su sayar muku, ko a yi musanya da wata gona, ko su bayar sadaka tunda abin alheri ne, ko wanne aka yi a rubuta kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Sannan ku ɗauki wannan takarda ku kai sashen filaye na ƙaramar hukumarku, a turo safiyo ya auna, a fitar da takarda da sunan ƙungiya, ba sunan shugaba ko naka ba.

In kun je kuma ku biya ta sashen lafiya a ranar, ku nemi a ba ku a rubuce cewa za a turo ma'aikaci in an gama. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kiwon lafiya matakin farko na cikin ayyukansu, don haka ciyaman za ku matsa wa a kan wannan, ba dagaci ba.