Zan iya kwance shokozoba in goge ta da kaina?

Tambaya: Motata ta shiga daji ce, laka da tsatsa sun ɓata shokozoba da sifirin. Ina so in kwance su in goge har su yi ƙyalli. Ta ina zan fara?

Amsa: Fara da duba irin shokozobar. In bakinta a liƙe yake da walda, ba a buɗe ta. Ka wanke bayanta kawai, in tana yoyon mai ka sake wata. Wadda ake kwancewa galibi tana da bawul irin na taya a jikin 'yar tukunyar gefenta, da iskar naitirojin a ciki mai ƙarfin psi 150 zuwa 200 a ma'aunin iskar taya. Ka sace iskar tas kafin ka taɓa murfi. Shi kuwa sifirin, ka auna inda zoben da ya danne shi yake, ka rubuta, sannan ka matse shi da ƙarfen matse sifirin. Ban da igiya, ban da waya. In ya kuɓuce, karya hannu ba komai ba ne a wurinsa.

Inda mutane suka fi ɓarna shi ne sandar nan mai sheƙi da ke shiga da fita a cikin shokozobar. Rufin kurom ne siriri a kanta, kuma a kansa sil, wato robar da ke hana mai yoyo, yake zamewa. Ka goge ta da ƙyalle, ka bi ta da farce daga sama har ƙasa. Duk inda farcenka ya sarƙe, nan zai yanka sabon sil. Tsatsar sama-sama tana fita da samfefa mai lamba 1500 ko 2000 da ɗan mai, a hankali. Amma in rami ne ya ratsa rufin, kada ka wahalar da kanka, sanda ta tashi aiki.

Sifirin kam, ni ban yarda a sa masa giranda ba. A masana'anta ana feshe bayansa da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe don ya jure lanƙwasa, kai kuma sai ka kankare wannan don neman ƙyalli? Daga ƙarce guda tsagewa take farawa. Burushin waya mai laushi ya isa, sai fenti. Kada ka gasa shi da wuta, kada ka jiƙa shi a asid.

In ka zo haɗawa, sabon sil da sabon mai, a mayar da naitirojin. Iskar oksijin ta masu walda kuwa, kada ta kusanci wurin, domin in ta haɗu da mai tana iya fashewa.