Wani ejan ya ce in biya shi ya samo min takardar gayyata daga jami'ar Turai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a jami'a, shekarata uku da kammala digirin digirgir, ina neman tallafin ziyarar bincike a waje ko na wata shida ne. Duk inda na duba sai an nemi takardar gayyata daga can, ni kuma ban san kowa ba. Wani a WhatsApp ya ce in ba shi dala 400 zai samo min. Kuɗin adashena ne, gabana sai faɗuwa yake. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam Dakta. Kar ki ba shi ko sisi.

Wuraren nema ba su ne matsala ba. Shirin Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus yana ba wanda bai wuce shekara 4 da gama digirgir ba tallafin bincike na wata 6 zuwa 24, kin ga lokacinki ya fara ƙurewa. British Academy a Ingila tana da ziyarar da ba ta wuce wata 6 ba ga malaman fanni irin naki, sai tallafin Fulbright na Amurka da ake nema ta ofishin jakadancinsu.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan tunanin cewa takardar gayyata haja ce da ake saye. Kullum sai na ji shi, har daga bakin manyan farfesoshi wallahi. Takardar nan fa malami ne da sunansa da ofishinsa yake rubuta cewa ya karanta furofozal ɗinki, wato tsarin binciken da kike son yi, kuma zai yi aiki da ke, a Humboldt ma shi da kansa yake ɗora bayaninsa a shafinsu, a British Academy kuwa sai jami'ar da za ta sauke ki ta amince da fom ɗin kafin ya wuce, to ki gaya min ta ina ejan zai shiga? Abin da zai turo miki tambarin jami'a ne da ya kwafo a intanet da sa hannun da babu mai shi, imel ɗaya kwamiti zai aika asiri ya tonu. In kuwa ta kai ofishin biza, Ingila na iya hana ki shiga har shekara 10, Amurka kuma haramcin yaudara na har abada ne, shi kuwa ejan ya canza layi.

Rashin sanin kowa ba komai ba ne, yawancinmu haka muka fara. Buɗe kundin digirinki, malaman da kika fi ambata kuma suna kan aiki, su ne masu masaukinki. Rubuta wa kowannensu daban saƙo gajere: ga aikinsa da kika karanta, ga tambayar bincikenki, ga abin da kike da shi wanda ba shi da shi, misali takardun da kika tono a gidan adana tarihi na Kaduna ko rubutun ajami. Haɗa da furofozal shafi biyu da maƙalarki mafi kyau, ban da wadda aka buga a mujallar biya-a-buga. Wasu ba za su amsa ba, bayan sati biyu ki tuna musu sau ɗaya ki wuce gaba.

Takardar sakinki daga wurin aiki kuma ki fara bin ta tun yau, don fayil kan yi wata da watanni tsakanin shugaban sashe da rijistara, su kuwa can ranar rufewa ba sa ɗaga wa kowa.