Amsa ga Hajiya: yaron da ke son zama ɗan wasan hokin ƙanƙara

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara tara ya dage sai ya zama ƙwararren ɗan hoki, kina tambayar yadda hanyar take a nan Kanada. Nawa ɗan ya bi ta a Kalgari har ya gama sakandare, bari in faɗa miki abin da na gani.

A shekarunsa, gudu a kan ƙanƙara shi ne komai. Yaron da ƙafarsa ba ta zauna a takalmin ba, ko ya iya sanda ba zai yi nisa ba. Ki shirya wa atisayen asuba, ana ɗaure igiyar takalmi yatsu sun ƙage don sanyi, ki kuma shirya aljihu. Kayan gwanjo sun wadatar, amma hular kwano ki saya sabuwa.

Inda maganar take shi ne shekara 14 zuwa 16. A nan ne ƙungiyoyin manyan gasannin matasa uku ke zaɓen 'yan wasa: WHL a yamma, OHL a Ontariyo, QMJHL a Kebek da gabas. In an ɗauki yaro, galibi barin gida zai yi ya zauna da wani iyali a garin da ƙila ba ki taɓa jin sunansa ba. Mu iyaye Musulmi wannan ya fi kuɗin tsaya mana a rai. Me zai ci? Wa zai tashe shi sallah? Ya za a yi da azumi in ya faɗo tsakiyar kakar wasa? Ki je da ƙafarki ki ga gidan kafin ki sa hannu, ki yi magana da matar gidan ido da ido. Ki kuma tambayi batun karatu: WHL na biyan kuɗin jami'a na shekara ɗaya kan kowace kakar da yaro ya buga, kuma daga 2025 wanda ya buga waɗannan gasannin yana iya shiga ƙungiyar jami'a a Amurka, abin da a da aka hana.

A shekara 18 sai zaɓen NHL, babbar gasar ƙwararru: ƙungiyoyi 32, zagaye bakwai, yara daga Kanada da Amurka da Turai. Ko an kira sunansa, yawanci gasar matasa ko jami'a yake komawa tukuna, daga baya a tura shi ƙananan gasannin ƙwararru, AHL ko ECHL, tafiyar bas cikin dare da albashi kaɗan.

Dubi 'yan wasa biyu masu jinin Najeriya. Jarome Iginla ya fito daga ƙungiyar Kamloops Blazers ta WHL, ƙungiyar Dallas ta zaɓe shi na 11 a 1995, ya ci ƙwallo 625 a NHL. Akim Aliu, haifaffen Okene, Chicago ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 2007, amma wasa bakwai kacal ya buga a NHL, sauran shekarun a ƙananan gasanni, kuma a 2019 ya fito ya faɗi wariyar launin fatar da ya sha. Labarin Aliu ya fi kusa da abin da yawanci ke faruwa, shi ya sa nake so ki riƙa tambayar yaron abin da ake faɗa masa a ɗakin canza kaya.

Yanzu dai ki sa shi a ƙungiyar unguwarku, ki nemo masa mai koyar da gudun ƙanƙara, in bazara ta zo ki bar shi ya buga ƙwallon ƙafa. Allah ya raya mana shi.