Wannan ɗan tsuntsun mai waƙa a kan bedi, mine ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani ɗan tsuntsu ruwan toka da ke zuwa kan bedin gidanmu kullum da safe, bai kai gwara girma ba amma waƙarsa sai ka tsaya ka saurara. In ya tashi ina ganin fari a bayansa wajen gindin wutsiya. Yarona ya matsa sai an kama mai shi an sa keji. Wane tsuntsu ne?
Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Farin nan da kika gani a gindin wutsiya shi ya tona shi, kanari ne, irin namu na Sahel da ake samu tun daga Senegal har Sudan. Tsawonsa kamar santimita 11, baki gajere mai kauri don fasa ƙwaya, ƙirji da ɗan zane-zane. Gwara ta fi shi jiki, bayanta ja-ja ne, kuma ita ba ta iya komai sai ciu ciu. Akwai wani kanarin mai rawayan ciki, shi ya fi yawa can kudu inda ruwa ya fi sauka.

Mai rera doguwar waƙar nan namiji ne, da ido da wuya ki bambanta shi da macen. Kuma ba don mu yake yi ba fa, mace yake kira, yana kuma shaida ma sauran maza cewa iccen nan da mai shi, shi ya sa masu tarko ke sa namiji guda cikin keji, na daji ya taho faɗa ya afka. Abincinsa 'ya'yan ciyawa da gero, galibi a ƙasa yake tsinta. Sheƙarsa 'yar ƙarama ce kamar kofi a tsakanin rassa, ƙwai 3 ko 4.

Zancen keji kuwa, ni dai ban goyi baya ba Hajiya. In suna da 'ya'ya a sheƙa kika kama uban kin rage masu mai ciyarwa, kuma na daji da yawa ba sa jure keji. Ki ba yaron aiki: ya aje kasko marar zurfi da ruwa a inuwa, sama inda mussa ba ta kaiwa, ya riƙa canzawa kullum musamman lokacin zafin Afrilu, ya watsa gero kaɗan. Ciyawar lungu ma a bar ta ta yi 'ya'ya kafin a nome.