Amsa ga mai tambaya kan ɗanta da aka hana fasfon Birtaniya

'Yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce yaronki haihuwar Ingila ne, shekararsa 17, kun nemi fasfo an ce ba ɗan ƙasa ba ne, kina tsoron za a kore shi. Abin da ya same mu ke nan da 'yata.

Mu a wajen neman bashin karatun jami'a abin ya fashe. An haife ta lokacin babanta na kan bizar ɗalibi. Ranar suna wani dattijo da ya daɗe a nan ya ce ai shi ke nan, yarinya ta samu jan fasfo. Muka riƙe maganarsa shekara 18, alhali tun 1 ga Janairun 1983 haihuwa kaɗai ba ta ba da zama ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zaman dindindin ranar haihuwar.

Ba zan manta daren da takardar ta zo ba. Tana tsaye a kicin da kayan makaranta, tuwo na kan wuta, ta ce, "Mama, to ni 'yar ina ce?" Yarinyar da sau biyu kacal ta taka Kano, Hausarta ma a karye. Tuwon nan ƙonewa ya yi. Sai ga wani da ya ce shi masanin harkar takardu ne, ɗan garinmu, sahu ɗaya suke sallah da babanta. Ya karɓi kuɗinmu, wata bakwai yana "ana kai, Hajiya", ashe ko fom bai cike ba. Har yau in mun haɗu a taron biki shi ke fara gaishe ni, ko kunya. Na bar shi da Allah. Don Allah kada ki miƙa wa kowa sisi sai kin tabbatar yana da rajistar yin wannan aikin a hukumance.

Ki yi sauri kafin ya cika 18. In ke ko babansa kun samu zaman dindindin bayan haihuwarsa, fom MN1 ne za ki cike don a yi masa rajistar zama ɗan ƙasa, kuma yana rufewa da cikarsa 18. In ba haka ba akwai fom T, na wanda aka haifa a nan ya yi shekara 10 na farko bai bar ƙasar fiye da kwana 90 a kowace shekara ba. Da shi muka tsira. Lokacin da muka nema kuɗin ya haura fam 1,000, amma tun 2022 ana yafe wa yara in iyaye ba su da hali. Mu mun makara, tamu ta riga ta girma.

Ki tattaro komai, wasiƙun firamare, takardun likita, har jan littafin nan na rigakafi. Abin da ya faru da mutanen Windrush a 2018, wato 'yan Karibiyan da suka tsufa a nan aka ce su kawo shaidar izinin zamansu, ya sa ko rasit ba na yarwa yanzu. Ki kuma ja masa kunne kan abokai, domin daga shekara 10 ana duba halin yaro, ƙaramar matsala da 'yan sanda tana iya ɓata komai.

Kuma ki zauna da shi ki saurare shi. Tawa wata biyu ta yi ba ta cin abincin kirki, ni kuma ina can ina bin takardu ban lura ba.