Kyamarar gida da UPnP: in sayi sabuwar rauta?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa a babbar kasuwar Sakkwato, gidana kuma a Mabera. Na sa kyamarori a gida, wanda ya haɗa min ya kunna wani abu wai UPnP a rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan, don in riƙa kallon gida ta waya daga shago. Ƙanena ya ce wanga abu hatsari ne. In sayi wata rautar, ko mi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Riƙe kuɗinka, rautarka ba ta lalace ba. Amma ƙanenka yana da gaskiya.

Rauta tana tare duk baƙon da ya taso daga intanet, sai an buɗe masa ƙofa. UPnP, wanda aka fito da shi tun 1999, yana bai wa kowace na'ura da ke gidan damar buɗe ƙofar da kanta. Kamar maigadi ne da duk wanda ke ciki ya ce masa "buɗe", sai ya zare sakata, ba ya tambayar wa ya aiko. Kyamara za ta buɗe, haka ma kwamfutar yara in mugun abu ya shige ta. A 2013 kamfanin Rapid7 ya gano na'urori miliyan 40 zuwa 50 da za a iya kutsawa ta raunin wannan tsari. Kyamarar da ke kallon tsakar gida, inda iyali ke zama ba mayafi, ba abin wasa ba ce.

Ka shiga rautar ta burauza. Adireshinta na rubuce a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Nemi UPnP ka kashe, ka share ƙofofin da ya riga ya buɗe. Kallon gida ba zai tsaya ba in ka bi ta manhajar kamfanin kyamarar, irin Hik-Connect ta Hikvision, domin ita ba ta buƙatar buɗaɗɗiyar ƙofa. In ma rautarka mai sim ce, kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a adireshi guda, buɗe ƙofar ba ya ma aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar sirri. Masu haɗa kyamara da yawa kan bar "admin" ko 12345, su tafi da ita a ka. Da irin wannan sakaci wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban kyamarori da rautoci a 2016, aka yi amfani da su har Twitter da Netflix suka katse a Amurka. Ka canza kalmar sirrin rauta da ta kyamara da hannunka, yau.

Wata Hajiya daga Arkilla ta ce ɗanta na kukan PlayStation ba ta haɗuwa da abokansa in an kashe UPnP. Hajiya, hakan na faruwa. A nemi wanda ya iya ya buɗe wa na'urar wasan kaɗai ƙofofinta da hannu, sauran su zauna a rufe.